Tela Ƙasaita da Nafila Ɗari

Gaskiya ba a yi wa Tela Ƙasaita adalci ba a layinsu. Mutum ya shekara ashirin yana suturta jama'a da allura da zare, amma yau in aka ambaci sunansa ba mai tuna wuyan rigar da ya fitar ko aljihun da ya dasa. Sai ka ga an riƙe ciki ana dariya ana cewa, "Wa? Mai nafila?" To bari a faɗi abin yadda ya faru, kowa ya yanke hukunci da kansa.

Rigimar duk a kan wuri ne da bai wuce faɗin darduma ɗaya ba: bayan liman, tsakiyar sahun farko a masallacin Juma'ar unguwa. Wani tsoho mai sayar da littattafai ne ya daɗe yana tsayawa a nan, sai ciwon ƙafa ya matsa masa, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi ya koma hannunta. Liman ya ce wurin ba gadon kowa ba ne, amma yana son natsattsen mutum a bayansa, wanda zai tuna masa in ya yi mantuwa, in kuma wani uzuri ya same shi ya jawo shi gaba ya ƙarasa wa jama'a salla. Ya ce zai sa ido wannan Juma'ar, ya faɗi wanda ya ga ya dace.

Ƙasaita da ya ji haka ya bi unguwar kaf a zuciyarsa, gida gida, bai ga natsattse ba sai shi.

Ranar Alhamis da la'asar ya yi shela a shagonsa. Mahauci na zaune a kan benci, ya zo jin labarin rigar da ya kawo ɗinki. Mai-Agogo kuma, wani siririn mutum marar son magana da ke da teburin gyara a bakin ƙofar shagon, yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya.

"Gobe," in ji Ƙasaita yana nuna su da almakashi, "kafin liman ya hau mumbari, raka'a ɗari zan zuba. Ɗari cif. Nafila kafin huɗuba ba ta da iyaka sai inda ƙarfin mutum ya tsaya, ni kuwa nawa ba ya tsayawa. In Malam ya ga haka, shi da kansa zai ce, Tela, ga wuri."

"Kai?" in ji Mahauci. "Kai da sai ka dafa bango kake tashi daga sujada?"

"Bangon nake gwadawa, in ji ko magina sun ji tsoron Allah."

"To rigata fa? Sati shida ke nan."

"Saura wuya. Shadda irin taka ba a yi mata garaje. Sati mai zuwa."

Mai-Agogo bai ko ɗago ba ya ce, "Raka'a biyu da natsuwa minti biyar ce. Sau hamsin, awa huɗu da minti goma. Ban sa hutu ba."

"Hutu na masu gyaran agogo ne," in ji Ƙasaita.

Rigar Mahauci kuwa tun makon jiya aka gama ta. Babbar riga ce ruwan toka, da koren aiki tun daga wuya har ƙirji, ɗinkin da Ƙasaita bai taɓa yin kamarsa ba. Shi ya sa ma yake jin ciwon rabuwa da ita.

Da safiyar Juma'a ya yi wanka, ya zazzage rabin kwalbar turare, ya zura ta. Matarsa ta shigo da shayi da burodi da soyayyen ƙwai, ta tsaya tana kallonsa.

"Baban yara, wannan ba rigar Mahauci ba ce?"

"Gwaji zan yi mata. Tela na ƙwarai ba ya ba da riga sai ya ga yadda take zuba a ruku'u."

"In ya gan ka fa?"

"A ina? Mutumin da sai an tayar da iƙama yake isowa, ya tsaya can kan titi wajen babura? Ni ina gaba. Tsakanina da shi sahu ashirin. Ƙaro ƙwan nan, aikin ƙarfi zan yi. Kin san wanda ya fara isa masallaci ranar Juma'a kamar ya yi sadaka da raƙumi ne? Yau raƙumin nawa ne."

"To in an ba ka kada ka shigo mini da shi, tsakar gidan nan ko akuya ba ta ɗauka. Ka kuma tuna sai da na ja maka ƙafa sau uku ka tashi asuba."

Ya ƙirga maɓallan riga hamsin ya zuba a aljihu, ya ɗauki wani tsohon gwangwanin madara. Dabararsa ita ce duk sallama ɗaya ya jefa maɓalli ɗaya. Carbi ma zai iya wannan aikin, amma carbi ba ya ƙara, gwangwani kuwa yana yi.

Ya isa rana na ɗan leƙowa. Ya tarar da Ladan, dattijo mai gajeren gemu, ya riga shi, yana shara. Ƙasaita ya yanke a ransa cewa Ladan ma'aikaci ne, ba ya cikin masu neman raƙumi. Ya shimfiɗa darduma daidai bayan wurin liman, ya ajiye gwangwani, ya yi kabbara. Sallama, ƙwal! Wata sallamar, ƙwal! Ta uku, ƙwal!

Ladan ya jingina da tsintsiya ya ce, "Tela, kwashe maɓallanka. Ba a nafila rana na fitowa, sai ta ɗaga. Waɗannan ba su shiga ba."

"Baba Ladan! Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ana yi wa mai salla magana?"

"Ai na yi sallama sau biyu kafin wannan!"

"Kafin in buɗe baki ka sake kabbara. Ɗaga, zan share nan."

Ya ɗaga. Ya koma dama, tsintsiya ta biyo shi. Ya koma hagu, Ladan ya ce nan za a naɗe kafet a kakkaɓe. Sai da rana ta ɗaga sosai ya samu ya koma wurinsa, da ƙura a gashin ido.

Raka'a goman farko ya yi su kamar saurayi. A goma na biyu gwiwoyinsa suka fara magana. Ya waiga, ya ga masallaci wayam, daga shi sai fanka. Sai ya ga ai ibadar da ba kowa a wurin tana iya jira a taru. Ya miƙe ƙafa, ya jingina da ginshiƙi, lokaci lokaci yana jefa maɓalli don kada hannunsa ya manta.

Wajen ƙarfe goma Mai-Agogo ya shigo. Ya yi raka'a biyu ta gaisuwar masallaci, ya zauna a damansa, ya buɗe Alƙur'ani yana karatu a hankali. Ƙasaita ya zabura ya miƙe. Da ya sallame ya jefa, aka ji ƙwal ƙwal.

"Biyu suka faɗa," in ji Mai-Agogo, idonsa na kan takarda.

"Ɗayan na ɗazu ne."

"To."

Wannan "to" ta fi zagi ciwo. Ƙasaita ya ga in aka ci gaba a haka wahalarsa za ta tafi a banza, shaidarsa ɗaya tak, shi ma mai ƙirgan tsiya. Ana cikin haka Ladan ya fito da makirfo, gajeren nan da liman ke jan salla da shi, ya kafa, ya hura ya ji yana aiki, ya kashe, ya fita cika butoci. Ƙasaita ya dubi makirfo, makirfo ya dube shi. Ya sa hannu ya jawo shi gabansa, ya danna. Ba don komai ba, in ji shi daga baya, sai don jama'a su yi koyi.

"Allaaahu akbar!"

Lasifika huɗu ce a saman masallacin, kowacce ta kalli kusurwarta. Ƙarfe goma sha ɗaya ko cika ba ta yi ba, amma wanda ya ji kabbara daga masallacin Juma'a ba ya tsayawa duba agogo. Masu shaguna suka yi ta jan ƙofa. Wanzami ya bar mutum da rabin kai. Aka yi ta shigowa a guje, fuska na ɗigar ruwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, aka tarar da Tela shi kaɗai a ruku'u, ya baje riga.

Ladan ya shigo yana haki ya kashe makirfo. "Wane ɗan... Astagfirullah! Jama'a ku yi haƙuri, ba a fara ba, Tela ne."

Ƙasaita na tahiya yana jin sunansa na yawo a bakin mutane, ransa fari ƙal. Ya juya dama, "Assalamu alaikum warahmatullah," ga Mai-Agogo. Ya juya hagu, sai ga fuskar Mahauci, jiƙe da ruwan alwala, tazarar tafin hannu tsakaninsu. Gudun da ya yi ne ya kawo shi da wuri, karon farko a rayuwarsa, ya kuma ga sahun gaba da fili.

Mahauci ya ƙura wa ƙirjinsa ido. "Tela, wannan aikin wuyan..."

"Allahu akbar!"

Ƙasaita bai san lokacin da ya miƙe ba. Ai ba a yi wa mai salla magana, Ladan ma ya faɗa. Ya ja sura mai tsawo, ya daɗe a ruku'u, ya daɗe a sujada, yana fatan mutumin zai gaji ya koma wajen babura inda ya saba. Ya sallame.

"...kore ne, irin wanda na zaɓa da..."

"Allahu akbar!"

A sujada ta gaba ya ji ana taɓa gefen rigar, ana juya shi. Nan ya tuna ɗabi'arsa ta rubuta sunan mai kaya da biro a cikin kalmasa don kada ɗinki ya cakuɗe.

"Ga shi nan," ya ji Mahauci na faɗa wa na kusa. "An rubuta Mahauci. Ku duba. Rigata ce ke sujada."

"Bar shi ya idar," in ji Mai-Agogo.

"Ai ba ya idarwa! Kafin in haɗiye yawu ya sake ɗaurawa!"

Haka aka yi ta yi. Hutun da Ƙasaita ya tsara zai riƙa sata tsakanin sallama da sallama ya tafi. Ko ruwa bai isa ya nema ba. Maɓallin ma a tsaye yake jefa shi, wani ya faɗa gwangwani, wani ya gangara cikin sahu. Gwiwoyinsa suna ƙas ƙas kamar ana karya kara. Gumi ya keto, ruwan toka ya koma baƙi tun daga kafaɗa har tsakiyar baya. Duk sanda ya kai ƙasa sai Mahauci ya yi nishi kamar shi aka danne.

"A hankali da hannun! Wayyo shaddata. Ko sau ɗaya ban sa ta ba."

Dattawa suka fara cika sahun farko. Wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Masha Allah, ka ga Tela? Ko numfashi ba ya yi tsakanin sallama da kabbara. Ashe haka yake ba mu sani ba." Ƙasaita ya ji, ya ƙara tsawaita wuya, ko da yake a lokacin ginshiƙin gabansa biyu yake ganinsa.

Da liman ya shigo ya nufi mumbari, Ƙasaita ya ji kamar ya rungume shi. Huɗuba! Lokacin da ko "yi shiru" ba a cewa. Ya zauna daɓas, ya dubi Mahauci, ya ɗora yatsa a leɓe, ya yi masa murmushin malamai. Ladan na can yana kiran salla, shi kuma ya ɗan sa yatsa ya sake danna gajeren makirfon da har yanzu ke gabansa. In liman ya zo addu'a, ya kamata a ji "amin" ɗin mutumin da ya sha wannan wahala.

Liman ya fara huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci. Fanka na kaɗawa. Ƙwai da burodi da shayi mai madara, waɗanda tun safe ba a ba su damar yin aikinsu ba, suka ga fili. Ƙasaita ya ce bari ya rufe ido ɗaya don ya fi fahimta. Ɗayan ya bi sahu. Kai ya yi ƙasa a hankali, a hankali, har hancinsa ya tsaya daidai bakin makirfo.

Da farko an zaci babur ne a waje. Sai abin ya ja dogo, ya yi gurnani, ya tsaya cak, ya dawo da fito. Liman ya ɗaga murya, minshari ya ɗaga. Liman ya dakata, minshari ya ci gaba da huɗubar shi kaɗai. Sahu sahu kafaɗu na rawa, kowa ya cusa fuska a hannun riga, ba damar magana, ba damar dariya.

A can gida matarsa na shanya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Maman yara, kin ji lasifikar masallaci ta lalace?"

"Ba lasifika ba ce. Shekara ashirin ina kwana da wannan lalacewar."

Mahauci ne ya kasa haƙuri, don yawu ya fara gangarowa kan koren aikin. Ya sa gwiwar hannu ya zungure shi. Ƙasaita ya buɗe ido, ya ga fuskar Mahauci dab da tasa, jikinsa ya yi abin da ya saba tun hantsi. Ya yi wuf ya miƙe.

"Allaaahu akbar!"

Mutanen waje da ba sa ganin ciki suka miƙe rututu, sahu bayan sahu har bakin titi, suna gyara kafaɗa. Ladan ya ruga taga yana yi musu alama da hannu biyu su zauna, wasu suka zaci cewa yake su matso.

"Tela," in ji liman daga kan mumbari. Shi kaɗai ke da ikon magana, ya kuma yi ta a natse. "Ba yanzu ba. Kuma da wace alwalar? Barcin da aka ji har bakin kasuwa ya kai a sake."

"Allah gafarta Malam, ba barci ba ne, nazarin huɗubar nake..."

Ladan ya dafe kai. Ga barci, ga magana ana huɗuba. Ya nuna masa ƙofa.

Tsakanin bayan liman da ƙofa sahu goma sha biyu ne, a cike maƙil. Ƙasaita ya tattare riga ya fara ratsawa. Ya taka yatsun wani, ya ture hular wani, hannun rigar ya shafe fuskar wani dattijo tun daga goshi har gemu. Ba wanda ya ce uffan, amma idanu sun faɗi abin da ya fi ƙarfin baki. Kafin ya kai sahu na uku Mai-Agogo ya gusa kaɗan ya toshe gurbin da ya bari, kamar yadda ake yi.

A ƙofa takalma sun yi tudu, nasa da ya zo farko yana can ƙarƙashin na kowa. Ya fita ba takalmi, ƙasa kamar garwashi. Butoci duk an juye. Ya murɗa famfo, famfo ya yi tari, ya tofo ɗigo uku. Ya naɗe hannun riga na dama, na hagu ya zubo. Ya naɗe na hagu, na dama ya faɗa kwata. Yana kurkure baki ya ji iƙama. Yana wanke fuska ya ji Fatiha ta farko. Yana tara tafi yana roƙon famfo kamar mai lallashin yaro ya ji ta biyu.

Ya wanke ƙafar hagu ya kwasa a guje. Ciki ba hanya, baranda ba hanya. Ya yi ta bin bayan sahu har ya samu 'yar kafa a na ƙarshe, kan titi, tsakanin wani babur da wani mai sayar da lemo. Jama'a na ruku'u. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

"Sami'allahu liman hamidah," in ji lasifika.

Ya dai bi aka yi sujada, aka yi tahiya. Da aka sallame shi ma ya sallame, ya shafa fuska da sauri, yana neman hanyar sulalewa.

"Malam," in ji mai lemo da muryar talla, "ai ba ka samu ruku'un ba. Juma'a ta wuce ka. Azahar za ka kawo, huɗu."

"Na sani. Gwada ka nake."

Ya tayar a tsakiyar titi, rana na dukan ƙeyarsa, jama'a na fitowa suna rabewa ta dama da hagu kamar ruwa ya samu dutse. Yanzu kuwa an halatta magana, kowa ya fanshe.

"Ta nawa ke nan?"

"Ta ɗari da ɗaya."

"A'a, wannan farilla ce, a kawo masa matashi."

Da ya sallame ya ga ƙafafu biyu a gabansa, ya bi su da kallo har sama. Mahauci ne, ya harɗe hannu.

"Allahu ak..."

Mahauci ya damƙi wuyan rigar. "Nafilar bayan Juma'a a gida ma ana yi. Cire."

"Haba ɗan'uwa, a nan? Bari in kai maka har gida, a goge."

"Cire, kafin ka sake ɗaura wata."

Aka zare riga ta kai, ta tafi da hula. Ƙasaita ya tsaya daga shi sai wando da singileti mai huji biyu a ciki, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafin kwalta. Daidai nan liman ya fito, Mai-Agogo na gefensa.

"Daga yau ka riƙe wurin nan," liman ke ce masa. "Na ga kana zama inda aka ajiye ka." Sai ya juyo, ya dubi Ƙasaita sama da ƙasa, yana danne dariya da gefen rawani. "Tela, sannu da ƙoƙari. Nafila nawa aka samu?"

"Tamanin da shida, Allah gafarta Malam."

"Hamsin da biyu," in ji Mai-Agogo.

"Allah ya karɓa. Ita Juma'ar da aka yi sammakon dominta fa?"

Ƙasaita ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya kafa ta a karkace. Ya gyara zaman singileti kamar mai gyara babbar riga, ya bi taron da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Allah gafarta Malam, a dai riƙa faɗin gaskiya ko da a kan tela ne. Duk taron nan, har da kai, raka'a bibbiyu kuka yi. Ni kaɗai na yi huɗu."

Ya juya ya nufi gida, ƙirji a gaba, yana tsalle daga inuwa zuwa inuwa.